Surukina Miron, Lafiyayye a Takarda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Nakasar Tsofaffin Sojoji na gundumarmu, babban likita, mai hatimi da jan biro, wanda sai an hau bene ake ganinsa, tare da mataimakansa biyu masu daraja da ke zaune dama da hagu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, irin wadda ka rubuta wa surukina. Ina fatan iyali ma haka. Ina kuma roƙon Allah ya ƙara wa na'urar ɗumama ofishinku tsawon rai, domin a duk ginin nan ɗakinku kaɗai na taɓa shiga na cire kwat.

Sunana Orisiya Demkiv. Na tsufa ina dafa wa 'yan makaranta abinci a garin nan, mijina ya daɗe da rasuwa, 'yata guda ce, Uliyana. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. Na rubuta wa ofishinku sau da dama, amma na lura wasiƙa ba ta iya hawa bene, sai ta tsaya a ƙasa wajen mai gadi. Jarida kuwa na ga ana kai muku ita har kan tebur tare da shayi.

Maganar mijin 'yata ce, Miron Hladun. Don kada a ce son kai ne, bari in faɗa tun farko cewa ban so auren ba. Mai gyaran agogo ne a lokacin, yana da ɗan shago kusa da tashar bas, kuma ban taɓa ganin mutum mai ƙarancin magana irinsa ba. Ranar da ya zo neman aure ya zauna a kicin ɗina har shayi ya huce, kalma huɗu ya yi, biyu daga ciki "na gode" ce. Da ya fita na ce wa Uliyana, "Ke, wannan miji ne ko kabad?" Ta ce, "Mama, ke kina magana ta mutum uku. Gidan nan ba ya buƙatar wani." Shekara goma sha ɗaya yana cin abincina bai taɓa cewa uffan ba. In na yi masa faɗa sai ya sunkuyar da kai, ya je ya gyara mini famfo.

Da yaƙi ya zo ya rufe shagon ya tafi, shi ma ba tare da jawabi ba. A can gabas harsashin igwa ya faɗo a bakin ramin da suke fakewa. Kyaftin ɗinsu, Tarnavski, nan take ya mutu. Abokinsa Zenik ya rasa ƙafa. Miron kuwa aka tono shi da hannu biyu, ƙafa biyu, jini na fita ta kunnuwa. Ya yi watanni a asibiti, sannan suka sallamo mana shi.

Ranar da ya dawo na dafa masa miyar borsh da kirim mai tsami. Ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye, ya dube ni cikin ido ya ce, "Mama, gishirin nan zai narkar da ƙanƙarar titi. Tun ranar ɗaurin aure nake son in gaya miki." Muka kwashe da dariya, har ni. Muka ce yaƙi ya buɗe masa baki. Da Fada Teodor na cocinmu ya zo yi masa barka da dawowa, Miron ya ce wa Fada huɗubarsa ta fi hanyar Kiyev tsawo, kuma gemunsa na warin kifi, sai dariyar ta ɗan ragu. Kafin mako ya zagayo ba mai dariya.

Wata likitar ƙwaƙwalwa da muka kai shi wajenta a Lviv ce ta yi mini bayanin da na gane. Ta ce a gaban kan kowa akwai birki, shi ne yake tare magana kafin ta kai ga harshe. Ta ce, "Kowa yana tunanin abin da Miron yake faɗa, Mama. Bambancin, mu birkinmu yana kamawa, nasa ya tsinke." Ta ce akwai cibiyar da ke koya wa irinsu yadda za su tsaya su numfasa kafin su yi magana, ana samun sauƙi, amma gadon can da alawus ɗin jinya duka sai da takardar nakasa daga kwamitin gunduma. Wato daga hannunka mai albarka. Daga nan ne na fara sanin benenku, kuma ga 'yan koke-kokena, in za ka yi haƙuri da tsohuwa.

Na farko. Ofishinku ya ce ba za a buɗe fayil ba sai kwamandan Miron ya sa hannu cewa fashewar ta faru yana bakin aiki. Muka yi bayanin cewa Kyaftin Tarnavski ya mutu a cikin fashewar da ake son ya shaida. Sakatariyarku, yarinya mai ladabi ƙwarai, ta ce ta gane, Allah ya ji ƙansa, amma ƙa'ida ce. Daga baya muka samu labari kun rubuta masa wasiƙa, kuma da bai amsa ba kun sake aika masa da tunatarwa, mai ɗan zafi. Ranka ya daɗe, ni na halarci jana'izarsa. Yana kwance a maƙabartar garinsu, layin da ke kusa da katanga, inda tutoci suka fi yawa. In za ku aika ta uku, a ba ni in kai, tunda ina zuwa da furanni. Sai dai ban yi alkawarin amsa ba. A ƙarshe mataimakin kyaftin ɗin ne ya sa mana hannu, a kan gwiwarsa, a tashar jirgin ƙasa, yana kan hanyar komawa. Shin da shi ma Allah ya karɓi abinsa kafin mu cim masa, wa za mu nema? Wanda ya harbo igwar?

Na biyu, gwajin da aka yi masa. Mataimakinka na dama ya ƙirga hannuwansa ya samu biyu. Ya ƙirga ƙafafu, su ma biyu. Ya buga masa 'yar guduma a gwiwa, ƙafa ta harba. Ya ce ya rufe ido ya taɓa hancinsa, ya taɓa. Ya ɗaga hoton ƙwaƙwalwa wajen taga ya ce, "Ni ban ga komai ba." Miron ya ce, "A juye ka riƙe shi." Ni dai ban yi karatu ba, ban sani ba ko a juye ne. Abin da na sani, likitan ya juya shi, ya sake dubawa, ya ce har yanzu bai ga komai ba, sannan ya rubuta cewa kai yana nan a wurinsa. Wallahi yana nan. Ba mu taɓa cewa ya bar shi a gabas ba. Ba wanda ya tambaye shi ƙarar da ke cikin kunnensa dare da rana, ko ciwon kan da ke kwantar da shi a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tawul a fuska. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa mai gyaran agogo ya kwashe duk agogunan gidanmu ya kai rumbun dankali, saboda tik-tik ɗinsu na huda masa kai. Shin gwiwa ce kaɗai take da 'yancin yin magana a ɗakin nan?

Ku da ba kwa fitowa, ba ku san barandarku ba. Benci biyu ne. Marasa ƙafa suna zaune, marasa hannu suna jingine da bango, su Miron kuwa da ba a ganin nasu suna tsaye can ƙarshe suna jin kunya, kamar sun zo satar layi. Ranar nan Zenik ya turo kekensa ya same shi ya ce, "Kai, ɗan'uwa, ka yi rashin sa'a. Da ka roƙe ni a ramin nan, da mun yi musaya. Ni ko ƙofa ban gama shiga ba suka buga mini hatimi." Miron ya ce, "Kai ko da kana da ƙafar ba inda kake zuwa sai mashaya." Zenik ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kin ji shi ko, Mama? A rami sai da na yi wata shida kafin in san yana da murya."

Na uku. A takardar ƙin amincewa ta farko kun rubuta cewa mai nema ya yi aiki a wurare uku cikin shekara guda, wanda ke nuna yana da cikakken ƙarfin neman abinci. Na jinjina wa wannan basira. Ni da a tunanina na jahila, wanda aka kora sau uku ba a ce masa mai aiki uku.

Bari in ba ku labarin ayyukan, tunda fayil bai da wurin labari. Na farko a kantin kayan abinci ne, wajen sayar da cuku da man shanu. Wata mata ta ce a auna mata man shanu, ya ce, "Hajjaty"—a'a, ban tuna da wane suna ya kira ta ba, amma abin da ya ce shi ne, "Rabinsa bai taɓa ganin saniya ba, ki je kasuwar Asabar." Kafin azahar layin ya watse. Na biyu gadi ne a masana'antar yankan katako. Aikin ya dace da shi, ba kowa sai karnuka. Sai ranar da matar mai masana'antar ta zo tana tambayar mijinta, Miron ya gaya mata ƙofar gidan da motarsa take kwana duk Alhamis, da launin labulen gidan. Na uku wajen masu jana'iza ne, ɗaukar akwatin gawa. Na ce alhamdu lillahi, a nan dai abokin ciniki ba ya jin magana. Na manta da dangi. A bakin kabari wani ƙanin mamacin yana jawabi, yana cewa marigayi uba ne nagari, miji abin koyi, sai Miron, da igiyar akwati a hannunsa, ya ce, "Ba shi ne wanda ya karya mata haƙarƙari bara ba?" Har Fada sai da ya rasa inda ya tsaya a littafi. Ranar aka sallame shi. Washegari matar mamacin ta aiko masa da kek ɗin tuffa mai zafi, ba tare da saƙo ba. Amma kek ba albashi ba ne.

Na huɗu gajere ne. Takardarku ta ce ya dace da aikin soja. Ke nan wata rana ana iya sake kiransa. Ina roƙo, don Allah da ƙasar nan, a sanar da manyan hafsoshi kada su faɗi komai a gabansa.

Na biyar ba ya cikin fom ɗinku, ba kuma abin dariya ba ne, amma zan faɗa.

Ranar Ista muna zaune a tebur, ga baƙi, ga ƙwai masu launi, ga burodin da aka kai coci aka sa wa albarka. Uliyana ta sa sabuwar riga mai ado a hannu, ta sunkuyo tana zuba masa abinci. Ya ɗago ya ce, "Wani lokaci in na kalle ki ba na jin komai. Kamar ina kallon bango." Ta ajiye kwanon a hankali, ta ce wa baƙi su ci abinci, ta shiga ɗaki. Shi kuma ya fita. Na bi shi na same shi a ɗakin itace, ya cusa hularsa a baki yana cizo, hawaye na zuba. Na ciro hular. Ya ce, "Mama, ina jin maganar tana tahowa kamar atishawa. Ina ganinta. Ba na iya tare ta."

Na ce, "To gaskiya ce abin da ka faɗa mata?"

Ya ce, "Na ɗan lokaci ne ya gifta, kamar yadda mota ke wucewa. Yanzu ba haka nake ji ba. Amma ita ta riga ta ji, kuma duk garin nan sun ce ni ba na ƙarya."

Ka ga matsalar, ranka ya daɗe. Mutane sun ɗauka waliyyi ne mai faɗin gaskiya. Wasu har tare shi suke yi a titi su tambaye shi ra'ayinsa game da surukansu, don su yi dariya. Alhali mutum ne mara lafiya, wanda duk abin da ya gifta masa a kai, mai kyau da marar kyau, na gaske da na banza, sai ya zubo. Kai ma da za a cire maka naka birkin na yini ɗaya, ban sani ba ko uwargida za ta kai yamma a gidan.

Uliyana tana ɗinki a masana'antar kayan sojoji, ita kaɗai ke riƙe da mu uku, ban da ɗan fanshona da ba ya wuce maganin hawan jini. 'Yar ƙanwata da ke Italiya ta samo mata aikin kula da wata tsohuwa a Bolonya. Ta ce mini, "Mama, ba guduwa zan yi ba, kuɗin magani zan nemo." Na haife ta, na san lokacin da take faɗin rabin magana. Na kuma san matan garin nan da suka tafi na shekara ɗaya, yanzu jikokinsu a waya suke ganinsu. Ban ce ku ne za ku kashe auren ba. Na dai ce akwatin tafiya ya sauko daga kan kabad ranar da takardarku ta iso.

Wannan ne ya kai ni ga agwagwa, wadda ita ce koke na shida, ko na bakwai, na daina ƙirgawa.

Da muka ɗaukaka ƙara aka sa mana rana, maƙwabciyata Stefa ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Orisiya, ke da shekarunki ba ki san yadda ake hawa bene ba? Hannu rabbana kike zuwa? Ɗan dilan motocin nan da ƙaya ba ta taɓa sokarsa ba, da me kike tsammani ya samu takarda?" Na ce ni ban taɓa ba da cin hanci ba. Ta ce, "Wa ya ce cin hanci? Gaisuwa ce. Likita ma mutum ne, yana da baki." Na kwana ina juya maganar. Da safe na yanka agwagwa, na fige, na gasa ta da tuffa da tafarnuwa, na naɗe da tawul mai tsabta na sa a kwando. Na ja Miron gefe na ce, "Ɗana, don girman Allah, yau ka yi shiru. Abin da aka tambaye ka kawai." Ya ce, "Zan yi ƙoƙari, Mama." Kuma ya yi. A cikin bas har leɓensa ya ciza ya fitar da jini don kada ya yi wa direba maganar gashin kunnensa.

Ka tuna da ranar, na sani, amma masu karatu ba su halarta ba. Muka shiga, kuna zaune ku uku, sakatariya tana gefe tana buga duk abin da aka faɗa, ƙofa kuma a ɗan buɗe saboda zafin ɗakin. Na ajiye kwandon kusa da ƙafar tebur kamar na manta da shi. Ka dube shi ta wutsiyar ido, ka gyara tabarau, ka ce da murya mai daɗi, "To, Malam Hladun, me ke tafe da ku yau?"

An tambaye shi. Ya amsa.

Ya ce, "Mama ta kawo maka cin hanci. Agwagwa ce, tana cikin kwando. Ba mai ƙibar ba ce, tsohuwar ce da ta daina ƙwai, ta ce ai ba za ka gane ba. Ka sa ta bayan kabad ɗin can tare da sauran, ina jin ƙamshin zuma da kyafaffen nama daga nan, kuma ga wuyan kwalba ya leƙo."

Sakatariya ta buga har "kwalba" kafin hannunta ya tsaya. Mataimakiyarka ta hagu ta sa fayil a fuska, kafaɗunta na rawa. Daga baranda muka ji muryar Zenik yana cewa, "Ƙara murya, ɗan'uwa, na ƙarshen layi ba su ji ba!" Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige, da kwandon da duka. Kai ka yi ja har kunne, ka miƙe ka ce wannan ba rashin lafiya ba ne, rashin kunya ne da wasan kwaikwayo. Miron ya riƙe bakinsa da hannu biyu, ta tsakanin yatsu ya ce, "Yi haƙuri, likita. Rinin gashinka ma ya zubo a wuyan riga." Ka rubuta hukunci a tsaye: mai nema yana cikin cikakken hankalinsa, ya san abin da yake faɗa, ba shi da wata nakasa a ƙwaƙwalwa. Ka buga hatimi har tebur ya girgiza. Muka sauko da agwagwarmu. A bakin ƙofa muka cinye ta da Zenik da wasu samari biyu masu sanda. Gaskiyar Miron ce, ta yi tauri.

Na ɗauka shi ke nan. Uliyana ta sayi tikiti. Sai ga shi ashe a cikin masu jiran barandar nan akwai wanda yayarsa ke aiki a ofishin mai gabatar da ƙara. Wata safiya wani matashi mai jaka ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce shi mai bincike ne, ya zo kan maganar abin da ke bayan kabad. Ya fara da ni. Ya ce, "Iya, da wace niyya kika kai agwagwa ofishin gwamnati?" Na ce na ga wurin likitoci ne, na kai ta a duba mini ita. Daga kicin Miron ya ce, "Ƙarya take, cin hanci ne. Stefa ce ta ba ta shawara." Yaron ya rubuta. Yanzu Stefa ba ta gaishe ni, ni kuma an ce in jira, wataƙila tara ce, wataƙila gargaɗi. Ko shayi ban ba mai binciken ba, na koyi darasi.

Kafin ya tafi ya ciro wata takarda ya ce dole ya yi mana tambaya a kanta. Amsarka ce, ranka ya daɗe, wadda ka aika wa ofishinsu. Ya karanta mana. A ciki ka rubuta, da kyakkyawan salon manyan likitoci, cewa bai kamata a saurari zargin Miron Hladun ba, domin mutum ne da fashewa ta yi wa mummunar illa a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, ba ya iya sarrafa harshensa, kuma duk likitan da ya zauna da shi na minti biyar zai gane haka. Ka sa hannu. Ka buga hatimi.

Na ce wa yaron ya sake karantawa. Ya sake. Uliyana da ke tsaye a bakin ƙofa ta zauna a kan akwatinta. Shekara biyu muna bin mota, muna bin layi, muna bin mamaci, don mu samu likitan gunduma guda da zai rubuta wannan jimla. Ashe tana cikin bironka tun tuni, agwagwa kawai take jira. Na roƙi kwafi, ya ce haƙƙinmu ne.

To yanzu ga takardu biyu a gabana a kan teburin kicin, hannu ɗaya, hatimi ɗaya. Ni mai dafa abinci ce, ban isa in ce babban likita ya yi kuskure ba. Tambaya kawai nake yi cikin ladabi: wacce za mu ɗauka? In ta farko ce, surukina lafiyayye ne mai cikakken hankali, shaidarsa kuwa karɓaɓɓiya ce a kowace kotu, kuma hancinsa bai taɓa kuskure a kan kyafaffen nama ba. In ta biyu ce, mara lafiya ne kamar yadda ka faɗa da kyau, sai a ba shi takardarsa ya tafi cibiyar nan ya koyi yin shiru, wanda na tabbata kai ma za ka so. Ni duk wadda ka zaɓa na gode. Na riga na haɗa ta biyun da sabuwar takardar ƙararmu a matsayin shaidar likita, tunda ita kaɗai kuka ce ta rage. Uliyana ta ɗage tafiyarta zuwa ƙarshen wata. Ba ta kwance akwatin ba, amma ta ciro takalman gida daga ciki.

Na karanta wa Miron wannan wasiƙa kafin in kai ta jarida, don kada in faɗi abin da bai yarda ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ta yi tsawo, Mama, kuma kin ɗan gyara kanki a wurare biyu." Sai na ga wata maganar tana tahowa, na dafe tebur. Ya ce, "Ke kaɗai ce ba kya fita daga ɗaki in na fara magana." Ban tambaye shi ko wannan ma mai giftawa ce ba.

An sa mana ranar Talata. Za mu hau bene da wuri, mu zauna inda aka nuna mana. Ba zan zo da kwando ba, kada ka damu. Miron kaɗai zan kawo, kuma ya ce in ka tambaye shi me ke tafe da mu, yana da sauran bayani.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa bironka tawada, ya kiyaye maka birkinka har ƙarshen rayuwa.

Taka mai biyayya, mai jiran hukuncinka da kai a sunkuye, wadda ba ta da sauran agwagwa sai mai ƙibar,

Orisiya Demkiv,
surukar Miron Hladun, gidan ƙarshe kafin gadar jirgin ƙasa.